Daren Da Homer Simpson Ya Kai Talabijin Jingina: Wa Ya Ce Gidansa Ya Lalace?

A daren Lahadi, 28 ga Janairun 1990, tashar Fox ta Amurka ta haska kashi na huɗu na The Simpsons, wasan barkwancin nan na zanen katun, wanda a lokacin bai cika wata biyu da fara fita a matsayin shiri mai zaman kansa ba. Al Jean da Mike Reiss ne suka rubuta kashin, suka raɗa masa suna "There's No Disgrace Like Home", wato babu abin kunya kamar gida. Tsawonsa minti ashirin ne da 'yan kai, labarinsa kuma gajere ne: wani magidanci ya wayi gari yana jin kunyar matarsa da 'ya'yansa, sai ya ɗauki akwatin talabijin ɗin gidan ya kai jingina domin ya biya likitan da zai gyara masa su. Abin da mutane suka fi tunawa shi ne ƙarshen, inda aka jona wa iyalin wayoyin lantarki suka yi ta sa wuta tana jan junansu. Ni kuwa farkon ne ya fi tsaya mini a rai. Wa ya gaya wa wannan bawan Allah cewa gidansa ya lalace, kuma da wane mudu aka auna shi?

Ga wanda bai san shirin ba, Homer Simpson ma'aikaci ne a tashar samar da lantarki ta nukiliya a wani ƙirƙirarren gari mai suna Springfield. Matarsa Marge a gida take zaune, ba ta aikin albashi. 'Ya'yansu uku: Bart, hatsabibin yaro ɗan shekara 10, da Lisa 'yar shekara 8 mai kaifin ƙwaƙwalwa, sai jaririya Maggie. Matt Groening da ya zana su, sunayen mahaifinsa da mahaifiyarsa da ƙannensa mata biyu ya ara ya liƙa musu. Tun 1987 suke fitowa a 'yan gajerun zane-zane cikin shirin Tracey Ullman, kafin a ba su nasu filin ranar 17 ga Disambar 1989.

Dariyar wannan kashi ba za ta shiga mutum sosai ba sai ya san irin unguwar da gidan yake. Da aka gama yaƙin duniya na biyu a 1945, miliyoyin sojojin Amurka suka dawo gida, suka yi aure, suka tarar babu muhalli. Wata doka da aka yi a 1944 ta sauƙaƙa wa tsofaffin sojoji samun rancen sayen gida, 'yan kasuwa kuma suka ga dama. A 1947 kamfanin iyalin William Levitt ya fara gina gidaje a kan tsofaffin gonakin dankali a Long Island, gefen birnin New York, har sai da suka haura 17,000, kusan duk fasalinsu ɗaya: ɗan fili mai ciyawa a gaba, kicin, ɗakunan kwana, wurin ajiye mota. Aka kira wurin Levittown, kuma ƙa'idojin farko na wurin sun hana baƙar fata zama a ciki. Irin wannan gini ya bazu a ƙasar baki ɗaya, har ƙidayar 1970 ta nuna mazauna unguwannin gefen birane sun fi mazauna cikin biranen yawa. Tsarin rayuwar a nan shi ne miji da mata da 'ya'yansu kaɗai a gida guda, nesa da iyaye da dangi, maigida ya fita da mota da safe ya dawo da yamma, bashin gida yana wuyansa shekara ashirin ko talatin.

Talabijin tare da waɗannan unguwanni ta girma. A 1950 gidajen da suka mallake ta ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, amma zuwa 1960 sun doshi kashi 90. Me ake nuna musu a ciki? Gida irin nasu sak, amma wanda ya fi nasu. A shirye-shirye kamar Father Knows Best da Leave It to Beaver, uba ya dawo daga aiki cikin kwat, uwa ta tarbe shi tsaf-tsaf, yaro ya yi ɗan ƙaramin kuskure, uba ya zaunar da shi ya yi masa nasiha, kafin rabin awa komai ya daidaita. Shekaru suka shuɗe, rayuwar ta canza. Albashin ma'aikatan masana'antu ya kusan tsayawa wuri ɗaya tun farkon shekarun 1970, mata da yawa suka fita neman aiki don kuɗin mutum ɗaya ya daina riƙe gida, mutuwar aure ta kai ƙololuwa wajajen 1980. Hoton da ke cikin akwatin kuwa yana nan yadda yake. Shirin da ya fi kowane masu kallo a ƙarshen shekarun 1980, The Cosby Show, gidan likita ne da matarsa lauya da 'ya'ya biyar masu jin magana. Fox, wadda sai a 1986 aka kafa ta, ta nemi kasuwa ta wata hanya dabam: ta fito da Married... with Children a 1987, tashar ABC ta kawo Roseanne a 1988, sannan gidan Simpson ya biyo baya. Duk ukun, gidajen masu ƙaramin ƙarfi ne da ake hayaniya a cikinsu.

To, mu dawo kan kashin. Yana buɗewa ne Homer na ta faman shirya iyalinsa zuwa liyafar shekara-shekara da mai tashar nukiliyar, Mista Burns, yake haɗa wa ma'aikata a katafaren gidansa. Tun a ƙofa aka nuna mana irin liyafar. Burns bai san sunan kowa ba, daga katin da aka rubuta masa yake karantawa. Wani yaro ya yi ƙorafin cewa an hana shi zuwa wasansa saboda wannan taro, nan take Burns ya umarci hadiminsa Smithers da ya sallami uban daga aiki. Ana tseren buhu, amma kowa ya san dole a bar mai gida ya ci, har Homer ya yi tsalle ya danne Bart da ya ga yana neman wuce tsohon. Marge ta yi ta kurɓar wani lemo da aka gauraya da giya har ta bugu ta hau waƙa, Bart da Lisa suna ta ɓarna a cikin lambu. Da lokacin tashi ya yi, aka sanar da baƙi cewa nan da minti goma za a saki karnuka.

A wajen fita ne abin ya faru. Wani yaro ya sumbaci mahaifinsa a gaban Burns, Burns ya ji daɗi ya ce a rubuta sunan uban, yana hango masa ɗaukaka a wurin aiki. Homer ya juyo wajen Bart ya nemi irin wannan sumba, yaron ya ƙi, sai da aka yi masa alkawarin dala biyar, Burns kuma ya gane wasan ya kira shi neman gindin zama. Homer ya tsaya a wurin ajiye motoci yana kallon wancan iyali suna shiga motarsu cikin ladabi suna rera waƙa, a idonsa har hanyarsu ta miƙe zuwa sama, ya waiga ya ga nasa sun rikiɗe masa shaiɗanu.

A nan ne nake ganin marubutan suka yi aikin da ya fi barkwanci zurfi. Kafin wannan rana, babu alamar Homer yana kwana da damuwar tarbiyyar gidansa. Kunyar ta same shi ne a farfajiyar mai gidansa, wurin da ladabin ɗa yake jawo ɗaukaka a wurin aiki, subutar bakinsa kuma take jawo kora. Wanda ya san tsarin aiki a Amurka ya san wannan tsoro yana da tushe. A kusan dukkan jihohin ƙasar, kamfani yana iya sallamar ma'aikacin da ba shi da kariyar yarjejeniya ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma mafi yawan ma'aikata ta wurin aikinsu suke samun inshorar lafiya. Wanda aka kora, albashi ya tafi, asibitin yara ya tafi, bashin gida kuma ba ya jira. Saboda haka lokacin da Homer yake roƙon 'ya'yansa su nuna masa ƙauna ko girmamawa a gaban jama'a, bakin magidanci ne yake magana amma fargabar ma'aikaci ce a ciki. Burns, wanda yake hukunta mutane kan zaman lafiyar gidajensu, tsoho ne da ba shi da mata ba shi da yara a gidan nan nasa, sai karnuka.

Bayan liyafar, Homer ya tashi da niyyar gyara. Ya kashe talabijin, ya ce yau a kan tebur za a ci abinci kamar mutanen kirki. Aka zauna, suka auka wa abincin ba mai ɗaga kai. Ya ce a yi addu'a, sai addu'ar tasa ta zama kai ƙarar iyalinsa wajen Ubangiji a gaban idonsu, yana tambayar laifin da ya yi aka jarrabce shi da su. Da suka ce masa su fa ba su ga abin da ya same su ba, ya kwashe su cikin dare suka shiga unguwa suna leƙen tagogin maƙwabta don su ga yadda sauran mutane suke zaune.

Wannan yawo shi ne zuciyar kashin a ganina. Ta taga ta farko suka ga iyali suna cin abinci a natse, suka tsaya suna mamaki. A wani gidan, uba da ɗa suna hira cikin mutunci, suka ji motsi a waje, sai aka ɗauko bindiga aka harba, iyalin Simpson suka ranta a na kare. Gidan da ya burge su ta gilashi, a shirye yake ya kashe maƙwabcin da ya matso kusa. Suna cikin gudu suka tsaya a wata tagar, suka leƙa, suka hau kushe ƙazantar ɗakin, Homer har yana dariyar ya tattake furannin mai gidan. Marge ce ta gaya masa cewa ai gidansu ne. Mutum ya ari idon baƙo ya dubi ɗakinsa, ya kasa gane shi. Unguwannin gefen birni haka aka tsara su: kowane gida yana da faffaɗar taga mai kallon titi da ciyawar da ake aske ta don masu wucewa, amma ba a shiga gidan juna sai da gayyata. Kowa gaban gidan maƙwabcinsa yake gani, nasa kuma har ƙuryar ɗaki ya sani, don haka kowa yana zaton shi kaɗai ne a cikin matsala.

Daga nan Homer ya tafi mashayar Moe, ya yi faɗa da abokinsa Barney da ya kushe masa 'ya'ya. Wannan ma abin lura ne: mutumin da ya gama kai ƙarar yaransa wajen Allah, bai yarda wani ya zage su ba. Yana kwance a ƙasa bayan dambe ya ɗaga ido ya ga talla a talabijin ɗin mashayar. Wani Dakta Marvin Monroe yana tallar cibiyarsa ta daidaita iyali, da alkawarin cewa ko gidanka ya zauna lafiya ko a mayar maka da ninkin kuɗinka. Kuɗin ganinsa dala 250. Akwatin da ya shekara yana nuna wa Amurkawa cewa gidajensu sun gaza, shi ne kuma yake sayar musu da maganin.

Neman kuɗin nan ya tona asirin aljihun gidan. Aka fasa asusun da ake tara wa yara kuɗin jami'a, abin da ke ciki bai kai dala 100 ba, a ƙasar da karatun jami'a yake cin dubbai a shekara. Sai Homer ya rungumi talabijin ya nufi shagon jingina, yara suna roƙonsa. Marge ta ce a jinginar da zoben baikonta a maimakon haka, ya gode mata ya ce ai dala 150 ake nema. An yi wannan magana don a yi dariya, kuma akwai dariyar, amma tana faɗa mana cewa a gidan nan babu kadarar da ta kai akwatin nan daraja, kuma shi kaɗai ne abin da yake tara su biyar wuri ɗaya. Domin ya haɗa kan iyalinsa, Homer ya rabu da abu guda da yake haɗa su. A ɗakin jira na likitan kuma, mai lura zai hango wancan iyali na liyafa masu ladabi da waƙa, zaune sun turɓune fuska suna jiran layi.

Monroe ya fara da ba kowa takarda ya zana abin da yake damunsa. Marge, Bart da Lisa duk Homer suka zana. Shi kuwa ko sauraron umarnin bai yi ba, jirgin sama yake zanawa. Da likitan ya nuna masa cewa shi ake nufi, ya fusata ya ɗaga fitilar tebur zai yi duka. Aka ba su gudumomi da aka naɗe da soso don su huce a kan juna ba tare da rauni ba, Bart ya zare soson ya maka wa likitan a ƙwauri. Sai dabara ta ƙarshe: aka zaunar da su a kujeru, aka jona musu wayoyi, kowa da madannan da zai sa wuta ta ja ɗan'uwansa, da nufin duk wanda aka ɓata wa rai ya rama, har su koyi daina ɓata wa juna. Likitan bai gama bayani ba Bart ya danna wa Homer. Daga nan aka ɓalle, har jaririya tana dannawa, fitilun garin suka fara disashewa, Burns yana can yana murnar ana shan lantarkinsa.

Duk wanda ya karanta ilimin halayyar ɗan'adam zai tuna gwajin Stanley Milgram a jami'ar Yale a 1961, inda aka umarci mutane su riƙa danna wa wani baƙo wutar lantarki, wadda a gaskiya ta bogi ce, kuma 26 cikin 40 suka kai har ƙarshen ma'aunin, bolt 450, saboda kawai mai gudanar da gwajin ya ce su ci gaba. A ɗakin Monroe abin ya juya. Mai gudanar da gwajin ihu yake su daina, su kuma ba baƙo suke ja wa wutar ba, na jikinsu ne, kuma babu wanda ya tilasta musu. Monroe ya sallama, Homer ya tuna masa alkawarin talla, ya ƙirgo dala 500 ya miƙa. Marge ta ce a je a karɓo talabijin daga jingina, Homer ya ce sabuwa za a saya, mai inci 21, da ɗan kekenta da za a riƙa gungura ta zuwa wajen cin abinci ranar biki. Suka fita rungume da juna, karon farko a cikin kashin baki ɗaya.

Mai kallo Bahaushe zai lura da wani giɓi da Ba'amurke ba lallai ya gani ba. Tun daga farko har ƙarshe, babu wani babba da ya shiga maganar. A wurinmu idan gida ya rikice, kafin a kai ga baƙo akwai kawu, akwai gwaggo, akwai waliyyan aure, akwai liman da mai unguwa. Homer yana da uba a raye, amma yana can gidan kula da tsofaffi. Marge tana da yayye mata biyu da ba sa ga maciji da mijinta. Maƙwabta kuwa mun ga yadda suka tarbe su. Abin da ya rage masa sai mashaya da lambar wayar da ya gani a talla. Ba ina cewa sasancin dangi kullum adalci ne ba, sau da yawa haƙuri kawai ake ba wanda aka zalunta. Amma dala 250 ɗin nan farashin rashin kowa ne, kuma ginin unguwar ne ya jawo shi tun ranar da aka raba kowane ma'aurata da danginsu aka ba su gida da mota.

Amurkawa da yawa a lokacin ba haka suka karanta shirin ba. Wasu makarantu sun hana sa riguna masu hoton Bart a 1990. A shekarar ce uwargidan shugaban ƙasa Barbara Bush ta gaya wa mujallar People cewa ba ta taɓa ganin shirme irin wannan ba, marubutan suka aika mata wasiƙa da sunan Marge, ita kuma ta amsa da ban haƙuri. Ranar 27 ga Janairun 1992, Shugaba George H. W. Bush ya gaya wa taron masu watsa shirye-shiryen addini cewa yana son iyalan Amurka su ƙara kama da gidan Walton, wani shiri na iyalin karkara masu tsoron Allah a zamanin karayar tattalin arzikin shekarun 1930, su rage kama da gidan Simpson. Bayan kwana uku shirin ya mayar da martani ta bakin Bart, cewa ai su ma kamar gidan Walton suke, addu'ar ƙarshen karayar tattalin arziki suke yi. A lokacin ƙasar tana fama da rashin aikin yi, a watan Nuwamban shekarar kuma Bush ya faɗi zaɓe. Jawabin nasa ya yi daidai da abin da Burns ya yi a liyafa: mai iko ya tsaya yana nuna wa masu ƙaramin ƙarfi hoton gidan da ya kamata su zama, bai tambayi abin da ke cikin asusunsu ba.

Duk da haka akwai inda ban yarda da kashin ba. Masu bin shirin sun daɗe suna lura cewa halayen ba su zauna ba tukuna a nan: Homer ne mai jin kunya, Marge ce ta bugu, Lisa tana ɓarna kafaɗa da kafaɗa da Bart, abin da daga baya ya koma akasin haka. Wannan ƙaramin abu ne. Babban shi ne takardun nan uku. Mace da yara biyu, aka tambaye su abin da yake damunsu, kowa ya zana fuskar maigida, shi kuma amsarsa ita ce ɗaga fitila. Wannan ba Burns ne ya ƙirƙira ba, ba talla ba ce, ba tagar maƙwabci ba ce. Matsala ce ta gaske a cikin ɗakin, kuma labarin ya taɓa ta ya tsallake, ya rufe ta da dala 500. Gaskiya ne mudun da aka auna gidan da shi na ƙarya ne, amma hakan bai wanke Homer ba, kuma yaron da yake tsoron fushin ubansa ba ya warkewa don an sayo sabuwar talabijin.

Shirin ya ci gaba da wannan tsallake shekara da shekaru, har shaƙe wuyan Bart da Homer yake yi ya zama ɗaya daga cikin abubuwan dariyar da aka san shi da su. Sai a wani kashi na 2023 aka ji Homer yana cewa ya daina, zamani ya canza. Jaridu suka ɗauka an yi ban kwana da abin, amma James L. Brooks, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shirin, ya fito ya ce babu abin da za a canza.